Yadda ake kafa gandun itatuwa na gari a ƙasar Sakkwato, da yadda ake samo kuɗin renonsa

Duk wanda ya daɗe yana aikin dashe a ƙasar nan ya san wannan: a watan Yuli za ka ga fili ya yi kore da sababbin itatuwa, kowa na murna, amma ka koma a Afrilu sai ka tarar da tsinke tsaye babu ganye, wani ma akuya ta cinye shi har gindi. Ba rashin iya dashe ne ke kashe su ba. Abin da ke kashe su shi ne ba a tanadi wanda zai yi gadi ba, ba a tanadi ruwan rani ba, ba a kuma yi lissafin inda kuɗin waɗannan biyun zai fito ba. Na yi wannan aiki tare da mutanen garuruwa da dama, a jigawa da fako da bakin fadama, shi ya sa zan fi tsayawa a kan reno da kuɗinsa fiye da ranar dashen kanta. Misalin da zan bi shi ne fili mai hekta 1 zuwa 3, na gari ko na ƙungiya.

Kayan da za a tanada

Na haƙa da sara: diga, shebur, dagi, fartanya, gatari, adda mai kaifi da lauje. Idan filin fako ne, diga ta fi komai muhimmanci, don dagi ba ya shigarsa.

Na reno: baƙar ledar reno mai tsawon santimita 20, rariya ta tankaɗe ƙasa, baro, garwar ban ruwa mai bakin yayyafi, duro ko tanki, zana da dirkoki na rumfa, takin dabbobi da ya ruɓe sosai, da toka. Idan ba a samu ledar reno ba, ledar ruwan sha da aka yar tana aiki, a yanke bakinta a huda gindinta wuri huɗu. Gajera ce, saboda haka kar tsiro ya wuce wata biyu a ciki. In babu garwar yayyafi, a huda gindin gwangwanin madara da ƙusa.

Na awo da tsaro: doguwar igiya da aka ƙuƙƙulla a kowace mita 4, turaku, ƙaya ko waya, da sandunan aguwa.

Na lissafi: littattafai biyu masu kauri, ɗaya na kuɗi ɗaya na itatuwa, da wayar hannu mai ɗaukar hoto. Kar a raina waɗannan, su ne za su nemo muku tallafi nan gaba.

1. A gama maganar fili kafin a taɓa ƙasa

Itace ya fi mai dasa shi tsawon rai, don haka fili mai rigima ba wurin dashe ba ne. A zauna da hakimi da masu unguwanni, liman, sarkin noma, da arɗon Fulanin yankin, sannan a kai maganar gaban uban ƙasa. A zagaya iyaka da ƙafa tare da duk maƙwabtan filin, a kafa shaida a kowace kusurwa. Bayan nan a rubuta yarjejeniya: filin wa ne, shekara nawa aka bayar, wa ke da ikon sara, wa ke da ikon ɗiban 'ya'ya da ciyawa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallakar fili a karkara, to a je a nemo ta. A kuma leƙa ofishin malaman daji na ƙaramar hukuma a tabbatar filin bai shiga gandun dajin gwamnati ba.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne tare burtali ko hanyar mashaya. Na taɓa ganin an shinge fili mai kyau, ashe ta gefensa shanu ke gangarawa ruwa tun kaka da kakanni. Arɗo ya zo ya same mu muna kafa turaku, ya ce, "Malam, ban ƙi itace ba, ni ma inuwa nake nema. Amma ta ina za su bi?" Na ce, "Baba Arɗo, nuna mana da sandarka." Ya ja layi a ƙasa, muka janye shingen taku 30. Daga baya yaransa ne suke kawo mana labari in wani ya ɓalle ƙaya. Sannan a halin da ake ciki na rashin tsaro a wasu sassan jihar, a zaɓi wurin da mai gadi da mata masu ɗiban ruwa za su iya zuwa su dawo cikin natsuwa, ko da filin bai kai na nesa kyau ba.

2. Kwamiti da doka

Mutum bakwai sun isa: shugaba, magatakarda, ma'aji, wakilin makiyaya, wakilin matasa, da mata biyu. Mata ba don cika lissafi ba, su ne suka san wane ice ke ci da kyau, wane ganye ke shiga kasuwa, kuma su ne suka fi wahalar neman makamashi. A rubuta doka gajera da Hausa, da boko da ajami in ya yiwu, a karanta ta bayan sallar Juma'a: tarar wanda dabbarsa ta shiga, tarar sara ba izini, hukuncin cinna wuta. Dokar da za ta tsallake ɗan hakimi ba za ta kama kowa ba. A yi rajistar ƙungiyar a matsayin ta gama kai, a buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku, ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa hannu.

3. Lissafin shekara uku, tun kafin a sayi leda

Nan ne yawancin ayyuka ke mutuwa. A jihar nan damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas kuwa hunturu ne da bazarar da zafinta ke haura digiri 40. Itacen da ya tsallake rani uku ya kama ƙasa, to kasafinku ya zama na shekara uku, ba na ranar dashe ba.

A buɗe littafin kuɗi a rubuta kanun nan: shinge, gadi, ruwa, reno, maye gurbin waɗanda suka mutu, share iyaka saboda wuta. A je kasuwa a tambayi farashin ranar, kar a yi ƙiyasi a zaure. Za ku ga shinge da gadi sun cinye fiye da rabin jimillar, dashen kansa kuwa ɗan kaɗan ne. Idan kuɗin da kuke gani a fili ba zai riƙe hekta 3 ba, ku yi hekta 1. Gara ƙaramin fili mai rai da babba wanda za a riƙa nuna shi ana cewa "da can nan gandu ne".

Daga ina kuɗin farko zai fito? Na fi son a fara da na gida, saboda abin da mutum ya zuba guminsa a ciki ba ya bari akuya ta ci. Haƙa ramuka da shinge a yi su da gayya. Kowane gida ya ba da kwanon gero ko dawa da kaka, a ajiye a rumbun ƙungiya a sayar da bazara lokacin da hatsi ya yi daraja. 'Yan ƙungiya su ware zubi ɗaya na adashe ya zama na gandu. 'Yan garin da ke Legas, Abuja ko Fatakwal a aika musu da hoto da lissafi, a roƙe su abu takamaimai, kamar albashin mai gadi na wata shida ko waya ta gefen gabas, don mutum ya fi sakin hannu idan ya san abin da kuɗinsa zai saya. Akwai kuma hanyar waƙafi, wadda ba baƙuwa ba ce a Sakkwato, jihar ma tana da hukumar zakka da waƙafi. Hadisi ingantacce ya nuna duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga itacen da Musulmi ya dasa sadaka ce gare shi, kuma na ga magada sun ɗauki nauyin layi guda na itatuwa saboda mahaifinsu da ya rasu. Irin wannan layin ba ya kwana da ƙishirwa.

4. A fara duba abin da ke cikin ƙasa

Kafin a sayi iri ko ɗaya, a bi filin da rani a ƙirga kututture masu rai. Sabara, kalgo, geza, aduwa, magarya, gawo, duk waɗannan da ake sassabewa kowace shekara saiwarsu na nan da rai, wata ta yi shekara da shekaru tana nutsawa. Tohon da ya fito daga irin wannan kututture ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba, ba ya kuma neman ban ruwa.

Yadda ake yi: a kowane kututture a zaɓi toho uku zuwa biyar da suka fi miƙewa da ƙarfi, a yanke sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsawonsu. A yi yankan da adda mai kaifi daga ƙasa zuwa sama, don in aka saro daga sama ɓawon na tsagewa ya bi jikin itacen. A ɗaura tsumma a jikinsu, alamar suna da mai su. A dawo bayan wata uku ko huɗu a sake gyarawa, kowace shekara kuma a iya cire ɗaya a yi makamashi har a bar mafi kyau ya zama itace. Maƙwabtanmu na Nijar sun bunƙasa wannan dabara a yankin Maraɗi tun daga 1983, kuma an ƙiyasta ta maido da itatuwa a kan hekta miliyan 5. Wanda ba shi da kuɗin reno ko kaɗan zai iya tsayawa a wannan mataki, ya yi shinge da gadi kawai, zai kuma ga daji ya dawo.

5. Zaɓen itatuwa

A bi ƙasa, a kuma bi aljihu. A jigawa irin ta Gada, Illela da Tangaza, dakwara da aduwa da magarya da gawo sun fi jurewa. A laka da inda ruwa ke kwanciya, bagaruwa. Dogon yaro yana yin kusan ko'ina in ba wurin da ruwa ke daɗewa ba. Kusa da rijiya a sa zogale da kuka ta ganye, su ne ke fara kawo kuɗi.

Ina ba da shawarar a kasa su uku: masu saurin kawo kuɗi, wato zogale da kukar miya, masu matsakaicin zango, wato dogon yaro na itacen rufi da makamashi, dakwara ta ƙaro, bagaruwa ta majema, sai na jikoki, tsamiya, kurna, kirya, maɗaci da gawo. Bagaruwa kam tana da kasuwa a gida, don da 'ya'yanta ake jeme fatar jar akuyar Sakkwato. Gawo kuma itace ne mai saɓa wa sauran: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Itacen turare yana da sauri da miƙewa, amma mashayin ruwa ne, kar a kai shi kusa da rijiya ko iyakar gonar wani. Kada kuma a cika fili da iri ɗaya, cuta guda sai ta share shi.

6. Wurin reno

A kafa shi kusa da ruwa mai tabbas, a fara cika leda a Maris, a yi shuka daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, don tsiro ya yi wata uku zuwa huɗu kafin dashe. Idan tazara mita 4 ce ta kowane gefe, hekta na cin itace 625. A reni 750, saboda wasu za su mutu.

A tankaɗe ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, a cuɗa. Ɗanyen taki na ƙone saiwa, ya kuma jawo gara. A cika leda a bubbuga gindinta a ƙasa har ta tsaya da kanta, a jera su layi-layi mai faɗin da hannu zai kai tsakiya, a yi ban ruwa kwana uku kafin shuka.

Irin bagaruwa, dakwara, gawo da kuka na da taurin ɓawo. A tafasa ruwa, a sauke, a bar shi ya ɗan huce, a zuba iri a ciki ya kwana. Wanda ya kumbura a shuka, wanda bai kumbura ba a goga gefensa a dutse har a ga fari-fari a sake jiƙawa. Kar a dafa iri a kan wuta. Irin dakwara bai kai sauran tauri ba, ruwa mai ɗumi ya ishe shi. Wata hanya mai sauƙi ita ce a tsinci irin gawo da bagaruwa a turken awakin da suka ci kwanson, cikinsu ya riga ya yi aikin. Dogon yaro dabam yake: irinsa na mutuwa da wuri, a tsince shi sabo, a wanke, a shanya a inuwa, a shuka cikin sati biyu. In ba a samu sabo ba, da farkon damina a cire ƙananan da suka tsiro a gindin iyayensu a sa a leda.

A sa ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin gaɓar yatsa, in sun fito a bar mai ƙarfi. Ban ruwa safe da yamma. A bazara leda dubu kan sha mini jarka huɗu zuwa shida a yini. Kowane sati biyu a ɗaga leda a sauya mata wuri, saiwar da ta huda ƙasa a datse ta da wuƙa. Wanda ya yi sakaci da wannan, ranar ɗauka zai ji "ɓas", uwar saiwa ta tsinke, kuma tsiron nan da wuya ya rayu. Saura sati uku a yi dashe a yaye rumfa, a rage ruwa zuwa sau ɗaya a yini, don ya saba da wahalar da zai tarar.

Wanda bai da halin reno ya tambayi ofishin malaman daji ko ma'aikatar muhalli ta jiha, wani lokaci sukan raba dashe. A duba kafin a karɓa: wanda ya yi tsawo ya wuce gwiwa a ƙaramar leda, saiwarsa ta nannaɗe, a bar shi.

7. Shinge kafin dashe

Ba a dashe a fili buɗe, ko na kwana ɗaya. Waya ta fi sauri amma tana da tsada, kuma akan sace ta. Ƙaya tana da araha, sai dai in za a sare dajin wani wuri don a kare wannan, ba a yi komai ba, don haka a yi amfani da rassan da aka rage a mataki na 4. Mafi ɗorewa shi ne shinge mai rai: a yanki sandunan aguwa a kafa su kusa da juna a ƙarshen rani, ta ciki kuma a shuka magarya ko bagaruwa a matse, rabin mita tsakani. Cikin shekara biyu zuwa uku ya rufe. A kiyaye ruwan aguwa, kar ya shiga ido.

8. Ramuka da dashe

A ja igiya a kafa turaku, a haƙa rami kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi, tun a Mayu ko Yuni. Ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A fako kuwa rami kaɗai bai isa ba, ruwa gudu yake yi a kai. A yi rabin wata: a zana rabin da'ira mai faɗin taku huɗu, bakinta na kallon inda ruwa ke gangarowa, a fasa cikinta da diga, a tara ƙasar a bayanta ta zama kunya, a jera su a saɓe yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Aiki ne mai cin ƙarfi, amma na ga fakon da ko tsaida ba ta fitowa ya yi ciyawa har gwiwa a damina ta biyu.

Idan manufar kare gonaki ce daga iska, a ja layi biyu ko uku a tare gabas da arewa maso gabas, inda hunturu da iskar farkon damina ke fitowa. Irin wannan katanga tana kare tazarar da ta kai kamar ninki goma na tsayin itatuwanta. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Nijar, can ƙetaren iyakarmu ta Illela, an fara irin waɗannan layuka na dogon yaro a 1975, daga baya mutanen wurin suka riƙa samun itace daga rassansu.

Kar a ruɗu da ruwan farko. A jira sai an zura hannu a rami an ji laima har gwiwar hannu, galibi a Yuli. Bayan tsakiyar Agusta an makara. A yi dashe da yamma ko ranar da hadari ya rufe. A yanke gindin leda da reza kamar faɗin yatsa, a tsaga gefenta, a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta watse ba. A zuba ƙasar sama da ɗan taki da toka a rami, a zaunar da tsiro daidai inda ƙasa ta tsaya masa a leda, a cika, a taka da dunduniya, a bar ɗan kwari a kewaye. A tattara ledojin a fitar, dabba na haɗiye su.

9. Rani uku na farko

Da damina a yi noma a kewayen kowane itace, ciyawa ta fi shi saurin shan ruwa. A bar 'yan ƙungiya su shuka wake ko gyaɗa tsakanin layuka a shekara biyu na farko, ban da gero da dawa, don suna rufe tsiro. Mai wake a ciki kullum yana wurin, ya zama mai gadi na biyu, kuma kason da zai ba ƙungiya kuɗi ne.

Da zarar ciyawa ta fara bushewa a Oktoba, a yanke ta a ɗaure a adana, a kuma share iyaka tas faɗin taku biyar. Wutar masu farautar gafiya ko guntun taba na iya cinye aikin shekara uku kafin la'asar. Ciyawar da aka adana ta zama kuɗi a Afrilu da Mayu, a fara sayar wa makiyayan da aka yi yarjejeniya da su, da rangwame.

A rani na farko a ba kowane tsiro kamar rabin jarka sau ɗaya a sati, a zuba a hankali ya nutse. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. Inda ruwa ke da nisa, a binne tsohon tulu ko gorar roba mai ƙaramin huji a gindin, a cika a rufe. A lulluɓe gindi da ganyen dogon yaro, kar ya taɓa jikin itacen, a barbaɗa toka saboda gara. Mai gadi kuwa a biya shi kan lokaci. Tsarin da ya fi yi mini aiki shi ne albashi kaɗan kowane wata, da ƙarin lada a ƙarshen Mayu gwargwadon itatuwan da aka ƙirga da rai.

10. Neman tallafi daga waje

Yanzu ne lokacin ƙwanƙwasa ƙofa, bayan kuna da abin nunawa. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa ta Afirka, wato shirin tare kwararowar hamada, ya shafa, tare da Kebbi, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Bauchi, Gombe, Yobe, Borno da Adamawa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma ta ƙasa da doka a 2015. Akwai shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma farfaɗo da ƙasar da ta lalace na cikin manyan ayyukansa. Akwai asusun kula da muhalli na tarayya da aka kafa a 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke da kaso a ciki, don haka kuna da hujjar tunkarar shugaban ƙaramar hukuma da kansila. Akwai kuma shirin ƙananan tallafi na asusun GEF, wato asusun muhalli na duniya, da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) ke gudanarwa, mai ba ƙungiyoyin al'umma tallafi. Don shawarar ƙwararru, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da sashen nazarin gandun daji.

Duk inda za ku je, ku riƙe kwafin rajista, takardar fili, bayanin asusun banki, hotunan wuri ɗaya kafin aiki da bayansa, da adadin itatuwan da suka rayu. Takardar neman kar ta wuce shafi uku: abin da kuka yi da kuɗinku, abin da ya gagare ku, da farashinsa. Ku roƙi abin da zai zauna, kamar rijiya mai famfon hasken rana, tanki ko waya, maimakon kuɗin taro. Ku faɗi gaskiyar waɗanda suka mutu, masu duba aiki sun san ba a dashe a ƙasar nan ba mutuwa.

Hattara da mai zuwa da fom yana neman kuɗin rajista da sunan wani shiri. A je ofishin shirin a Sakkwato a tambaya. Haka ma masu maganar cinikin iskar kabon, wato a biya ku saboda iskar kabon da itatuwanku ke shanyewa: harka ce ta gaske a duniya, amma yarjejeniyarta kan ɗaure fili shekaru masu yawa. Kar a sa hannu sai lauya ya karanta, an kuma fassara wa jama'a a bainar kowa.

11. Cin amfani ba tare da cinye uwar kuɗi ba

Zogale da kuka suna ba da ganye tun shekarar farko. Rarar dashe a sayar wa makarantu da masu gidaje. Daga shekara ta uku a rataya amya. Dakwara sai ta kai shekara huɗu ko biyar: bayan ɗaukewar ruwa, in ganye ya fara rawaya, a ɗaye siririn ɓawo a reshe ba tare da an ji wa itacen ciki rauni ba, a dawo bayan kamar sati biyar a tsinci ƙaro, a shanya a inuwa a kan buhu mai tsabta, don ƙasa na karya masa farashi.

Sara kuwa da tsari. A raba ɓangaren dogon yaro gida shida, daga shekara ta shida a riƙa sare gida ɗaya kawai a shekara. Kafin a zagayo kan na farko ya sake zama itace. A sara a ƙarshen rani, a karkace, taƙi ɗaya daga ƙasa, in toho ya fito a bar biyu ko uku. Idan dabbobi na shiga wurin, a sara sama da tsayin mutum. Itatuwan katangar iska da na jikoki ba a kayar da su, rassa kawai ake ragewa, kuma kar a wuce kashi ɗaya cikin uku. A nemi izinin malaman daji kafin sara da kafin lodi. Gawayi kuwa ban yarda a yi shi a gandun gari ba, yana cin itace mai yawa a kan kuɗi kaɗan.

Duk naira goma da ta shigo, ga yadda muke kasa ta: huɗu gadi da ruwa, biyu reno da gyaran shinge, biyu ajiya saboda shekarar fari, biyu a raba ko a yi wa gari aiki. Ajiyar nan kar a ba da ita rance, ko ga wa. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa gardama a kan wannan kason.

12. Ƙirga ta ƙarshen rani

A satin ƙarshe na Mayu a fito da littafin itatuwa. Mutum biyu su bi kowane layi, ɗaya na kira ɗaya na rubutawa: mai rai, matacce, wanda dabba ta ci. Wanda ya bushe a kankare ɓawonsa da farce kusa da gindi, in an ga kore a bar shi, zai toho. A kafa turke a kowane gurbi, a rubuta irin da ya mutu da wurin da ya mutu. Idan iri ɗaya ya mutu a kusurwa ɗaya shekara biyu a jere, a sauya iri. A ɗauki hoto daga kusurwoyin da aka saba ɗauka. Ranar Juma'ar da ta biyo baya magatakarda ya karanta adadin, ma'aji ya karanta shiga da fita a ƙofar hakimi, a biya mai gadi ladansa a gaban jama'a, sannan a sa ranar gayyar sake buɗe ramukan da za a cike a Yuli.